Wa ke da ikon hana jirgi tashi? Darasin da hatsarin jirgin alhazan Sakkwato na 1991 ya bari

Da safiyar Alhamis, 11 ga Yulin 1991, a ƙarshen watan Zulhajji na shekarar 1411, wani jirgin sama ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai nufi Sakkwato. Yana ɗauke da fasinjoji 247, mafi yawansu alhazan Najeriya masu komawa gida, da ma'aikata 14. Bayan kimanin minti goma ya faɗo yana ci da wuta, saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin da yake ƙoƙarin komowa ya sauka. Babu wanda ya tsira daga cikin mutum 261 da ke ciki. Har yau shi ne hatsari mafi muni da ya taɓa faruwa da jirgi ƙirar DC-8.

Binciken da hukumomin Saudiyya suka jagoranta, tare da ƙwararru daga Kanada, bai ɗora laifin a kan inji ko yanayin sama ba. Ya gano cewa mafarin musibar shi ne ƙarancin iska a taya, kuma akwai ma'aikatan da suka san da wannan matsala tun kwana huɗu kafin ranar. Waɗanda suka sani ba su hana jirgin tashi ba. Wanda doka ta ba ikon hana shi tashi, wato kyaftin, babu shaidar da ta nuna cewa an sanar da shi. Wanda kuma ya yanke hukuncin a tafi, aikinsa shi ne kula da jadawalin jigila.

A duk shekara dubban maniyyata daga Doguwa da Tudun Wada da Bebeji da Kiru da sauran ƙananan hukumomin Arewa suna biyan kuɗin kujera da gumin noma da kiwo da fatauci na shekaru, su shiga jiragen da ba su da ta cewa wajen zaɓensu. Wannan ya sa tambayar da hatsarin Jidda ya tayar ta shafi kowa: idan injiniya ya ga aibi, manaja kuma yana duban agogo, maganar wa ake bi?

Jirgin wa ne?

Jirgin yana tafiya ne da sunan kamfanin Nigeria Airways, da lamba 2120, amma ba mallakar kamfanin ba ne. Na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, wanda ke da mazauni a Montreal. An ƙera jirgin a 1968, don haka yana da shekara 23 a lokacin. Nigeria Airways ya ɗauko hayarsa tare da matuƙansa da kanikawansa da ma'aikatan da ke hidimar fasinjoji, sannan ya sake ba da shi haya ga wani kamfani mai suna Holdtrade domin jigilar alhazai.

Irin wannan haya ta zama ruwan dare a aikin Hajji, kuma akwai dalili. Ana bukatar kwashe dubun dubatar mutane cikin 'yan makonni, a kai su, a kuma dawo da su. Babu kamfanin da zai sayi manyan jirage saboda aikin wata biyu, su kwana a ajiye sauran watanni goma. Sai dai tsarin yana da illa. Jirgin yana aiki dubban kilomita nesa da gidansa, inda manyan injiniyoyin kamfanin da rumbun kayan gyaransa suke. Hukumar da ta yi masa rajista, wadda alhakin sa ido a kansa ke wuyanta, tana wata nahiya. Waɗanda suka ɗauko hayar kuwa abin da ya fi damunsu shi ne yawan sawun da zai yi kafin wa'adi ya cika.

Domin tafiyar da wannan kwangila, Nationair ya turo ƙaramar tawaga. A cikinta akwai matuƙa ƙarƙashin kyaftin, akwai kanikawa ƙarƙashin babban bakanike, akwai kuma manajan aiki, wanda aka ɗora wa alhakin ganin an bi jadawali, an kuma faranta wa masu haya. A takarda, manajan ba shi da hurumi a kan lafiyar jirgi. A aikace kuwa shi ne muryar kamfani a wurin, shi ne kuma wanda ke magana da masu biyan kuɗi.

Kwana huɗu na shiru

A ranar 7 ga Yuli aka auna iskar tayoyin jirgin, aka ga ta taya mai lamba 2 da mai lamba 4 ta yi ƙasa da mafi ƙarancin abin da aka yarda jirgi ya tashi da shi. Ba a cika su ba. Daga baya masu bincike suka gano cewa an sauya alƙaluman da ke cikin takardar awon, domin ta nuna kamar komai daidai yake. Jirgin ya ci gaba da jigila a haka.

A ranar 10 ga Yuli, jirgin yana Akara, babban birnin Gana, kanikawa suka shirya sauya wasu tayoyi. Sai ga saƙon fakis daga manajan aiki a Jidda. Saƙon ya bukaci a yi duk abin da za a iya a maido da jirgin Jidda da gaggawa, saboda an makara, kuma ana miƙa fasinjojinsu ga wasu. Ya kuma umarci kada a bar kanikawa su sauya tayoyi a Akara. Aka fasa aikin, aka loda tayoyin, aka tashi.

Washegari da safe, fasinjoji sun riga sun shiga, saura kusan minti ashirin a tashi, babban bakaniken ya nemi a samo masa iskar naitirojin ya cika taya. Ba a same ta a kusa ba, kuma nemo ta zai jawo jinkiri. Manajan aikin ya ce a bar zancen. Bakaniken bai ja da shi ba, babu kuma shaidar cewa ya hau ɗakin tuƙi ya faɗa wa kyaftin William Allan abin da ke ƙasa. Takardar da ke tabbatar da cewa jirgin ya cancanci tashi, injiniyan da ke zama a ɗakin tuƙi ne ya sa mata hannu, alhali bai shiga cikin aikin duba jirgin ba.

Akwai abin lura a nan wanda ke kawar da zaton mugunta. Manajan da bakaniken duk sun shiga jirgin, kuma sun rasu tare da alhazan. Da sun yi imanin cewa tayar za ta iya kashe mutane, da ba su hau ba. Sun ɗauki matsalar ƙarama ce, irin wadda za a gyara in an samu sarari, domin jirgin ya yi ta tashi yana sauka da ita kwana huɗu ba abin da ya faru.

Yaya ƙarancin iska ke kayar da jirgi?

Tayar babban jirgi tana ɗaukar matsin iska da ya ninka na tayar ƙaramar mota sau biyar ko shida. A ƙarƙashin DC-8 akwai manyan tayoyi takwas, huɗu a hagu huɗu a dama, an jera su bibbiyu a kan sandar ƙarfe ɗaya. Idan ɗaya ta rasa iska, abokiyar zamanta ce ke ɗauke nauyin. Saboda haka ido ba ya gane wadda ta yi sanyi, domin ta kusa da ita tana tallafe da ita. Kyaftin ko injiniya zai iya zagaya jirgi ya duba kafin tashi, ya ga komai tsaf. Geji ne kaɗai ke faɗar gaskiya, sai kuma bakin wanda ya riƙe gejin.

Tayar da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi. Lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raunana zaren da ke cikin robar. A ranar hatsarin jirgin cike yake da mutane da kaya da mai, ya kuma yi tafiya mai nisa a ƙasa cikin zafin Jidda kafin ya kai bakin titin tashi.

Dalilin neman naitirojin maimakon iskar da mai faci ke hurawa shi ne, naitirojin busasshiya ce, kuma ba ta taimaka wa wuta. A ranar 31 ga Maris na 1986, wata taya da aka cika da iskar gama-gari ta fashe a cikin wani jirgin kamfanin Mexicana ƙirar Boeing 727 bayan birki ya ɗau zafi, mutum 167 suka mutu. Bayan haka ne aka tsaurara dokar amfani da naitirojin a tayoyin manyan jirage. Abin da bakaniken Jidda ya nema, ke nan, abu ne da ƙa'ida ta wajabta.

Minti goma

Jirgin ya fara gudu a kan titi ke nan sai taya mai lamba 1, wadda ke ɗauke da nauyin makwabciyarta, ta fashe. Nan take mai lamba 2 ta bi ta. Ɗaya daga cikin ƙafafun ta daina juyawa, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Na'urar naɗar magana ta ɗakin tuƙi ta nuna cewa matuƙan sun ji ƙara, har mataimakin kyaftin, wanda shi ke riƙe da tuƙi, ya yi tambaya ko taya ce ta fashe. Amma horon da kamfanin ya ba su bai lissafa fashewar taya cikin dalilan fasa tashi ba, kuma ba su san cewa akwai tayoyi masu rauni a ƙarƙashinsu ba. Suka ci gaba.

Da jirgin ya ɗaga sama, suka naɗe ƙafafunsa kamar yadda aka saba. Da haka suka shigar da wutar cikin cikin jirgin, inda bututun man sarrafa fikafikai da wayoyin lantarki suke, a ƙarƙashin kujerun fasinjoji kuma kusa da tankin mai. Wurin ba shi da na'urar da ke gargaɗin wuta. Alamun da suka fara bayyana a gaban matuƙan sun zo a warwatse: na'urar daidaita iskar cikin jirgi ta ƙi aiki, sannan man sarrafawa ya fara ɓacewa.

A daidai lokacin kuma aka sami ruɗani da hasumiyar filin jirgin. Kyaftin ya kira kansa da sunan Nationair maimakon sunan Najeriya da aka san jirgin da shi a ranar, sai jami'in hasumiya ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne ke magana. Ruɗanin ya ɗauki kimanin minti uku, ko da yake masu bincike sun ce bai sauya sakamakon ba. Sai da ma'aikaciyar fasinjoji ta shigo ta ce hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgin, sannan matuƙan suka fahimci girman abin da ke faruwa. Wutar ta cinye daɓen jirgin tun yana sama, har wasu fasinjoji suka faɗo kilomita da dama kafin filin. Jirgin ya ƙwace wa matuƙan kafin ya kai titi.

Da kyaftin ya san halin da tayoyin ke ciki, yana da zaɓi uku a jere: ya ƙi tashi har sai an cika su, ko ya taka birki da jin ƙarar farko, ko ya bar ƙafafun jirgin a waje ya zagayo ya sauka. Rashin jimla ɗaya daga bakin wanda ya sani ya rufe masa dukkan ƙofofin uku.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Dokokin sufurin sama na duniya, waɗanda Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa da Ƙasa, wato ICAO, ke tsarawa, sun raba ikon a fili. Injiniya mai lasisi ne ke sa hannu cewa an yi gyara bisa ƙa'ida kuma jirgi ya dace da aiki. Sa hannun nasa alhaki ne a kansa shi kansa, domin lasisin hukuma ce ta ba shi, ba kamfani ba. Bayan haka kyaftin ba zai fara tafiya ba sai ya gamsu cewa jirgin lafiyayye ne kuma takardar sakinsa ta cika. Kowane ɗaya daga cikin su biyun yana iya tsayar da jirgi shi kaɗai. Babu wanda zai iya tilasta tashi idan ɗayansu ya ƙi.

Abin da ke haɗa su shi ne littafin lafiyar jirgi. Matuƙi yana rubuta duk aibin da ya gani a sama, injiniya yana rubuta abin da ya yi a kai, kyaftin na gaba kuma yana karantawa kafin ya karɓi jirgin. Ba kowane aibi ne ke hana tashi ba. Akwai jerin da hukuma ta amince da shi na kayan da jirgi zai iya tafiya ko da sun lalace, tare da sharuɗɗa da wa'adin gyara. Akwai kuma littafin kamfanin da ya ƙera jirgin, wanda ke faɗin iyakar kowane awo, har da iskar taya. Amfanin waɗannan takardu shi ne su fitar da hukunci daga hannun ra'ayi da matsin lamba. Idan awo ya gaza iyaka, magana ta ƙare.

Manajan jadawali ko jami'in kasuwanci ba shi da gurbi a cikin wannan sarƙa. Yana da ikon sauya lokacin tashi, da neman wani jirgi, da kama wa fasinjoji masauki. Ba shi da ikon cewa aibi ba aibi ba ne. A Jidda an karya sarƙar a wuri uku: an gurɓata takarda, an bar wanda ba shi da hurumi ya yanke hukunci, sannan wanda bai duba ba ya sa hannu.

Me ya sa na ƙasa ke yin shiru?

Wanda ya san tashar mota a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora ya san wannan yanayin. Mai faci ya ce tayar baya ta gaji. Ɗan kamasho ya ce mota ta cika, fasinjoji sun fara ƙorafi. Yaron mota ya ji duka biyun, amma ya san idan ya buɗe baki gobe wani za a ɗauka. Direba ya tayar da mota ya nufi dajin Falgore. Bambancin kawai shi ne mota tana iya rakuɓewa gefen hanya idan taya ta fashe, jirgi kuwa ba shi da gefen hanya.

Masana harkar jiragen sama sun daɗe da gane cewa wannan ɗabi'a ta ɗan Adam tana kashe mutane kamar yadda lalacewar inji ke yi. A ranar 27 ga Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗakin tuƙin jirgin KLM ya nuna shakka ko ɗayan jirgin ya bar titin, amma kyaftin, wanda babba ne a kamfanin, ya amsa da tabbaci ya ci gaba da gudu. A ranar 28 ga Disambar 1978, wani DC-8 na kamfanin United ya faɗi a Portland ta Amurka bayan mai ya ƙare, yayin da kyaftin ya shagala da matsalar ƙafafun jirgi, na ƙasa da shi kuma ba su faɗa masa da ƙarfin murya cewa mai na ƙarewa ba. Mutum 10 suka mutu.

Daga nan aka ƙirƙiro horon haɗin kan ma'aikatan jirgi, wanda aka fi sani da CRM a taƙaice. Hukumar NASA ta shirya taro a kansa a 1979, kamfanin United kuma ya fara koyar da shi a 1981. Manufarsa ba rage girman kyaftin ba ce. Ana koya wa na ƙasa yadda zai faɗi damuwarsa ƙarara, da sunan abin da kuma abin da yake ganin a yi, ana kuma koya wa na sama cewa neman ra'ayin na ƙasa wani ɓangare ne na aikinsa.

An ɗauki lokaci kafin wannan horo ya sauko daga ɗakin tuƙi zuwa wurin gyara. Wata biyu kacal bayan hatsarin Jidda, a ranar 11 ga Satumbar 1991, wani jirgin Continental Express ya tarwatse a sama a jihar Texas, mutum 14 suka mutu, saboda kanikawan da suka tashi aiki sun kwance kusoshi 47 a wutsiyar jirgin, kuma bayanin bai isa ga waɗanda suka karɓe su ba. A 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada, Gordon Dupont, ya tsara jerin abubuwa goma sha biyu da ke jefa kanikawa cikin kuskure. A cikinsu akwai rashin isar da bayani, da matsin lamba, da rashin kayan aiki, da kasa tsayawa a kan magana, da sabo da karya ƙa'ida. Duka biyar ɗin sun hallara a Jidda.

A ƙasar Hausa, inda ake tarbiyyar yaro a kan kunya da girmama na gaba, wannan darasi yana da nauyi na musamman. Kunya ado ce a zaure, amma a ƙarƙashin fiffiken jirgi tana iya zama sanadin asarar rayuka. Da ma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Horon da ake bai wa matasan matuƙa da injiniyoyi, a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964 da sauran wurare, ba zai wadatar ba idan kamfanin da zai ɗauke su aiki yana hukunta wanda ya jawo jinkiri, yana yaba wa wanda ya yi shiru.

Najeriya bayan 1991

Kamfanin Nationair ya durƙushe a 1993, Nigeria Airways kuma ya daina aiki a 2003. An kafa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, a 1999. Dokar 2006 ta kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda ke tantance kamfanonin jigila tana ƙulla yarjejeniya da su. A 2022 aka sabunta dokar sufurin sama, aka kuma kafa Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, NSIB, a madadin tsohuwar hukumar binciken haɗurran jirage.

Hukumomi sun ƙaru, amma matsalar muryar na ƙasa ba ta gushe ba. A ranar 3 ga Oktobar 2013, wani jirgin Associated Aviation da ke ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Legas zuwa Akure, mafi yawan mutum 20 da ke ciki suka rasu. Rahoton farko na masu bincike ya nuna cewa na'urar gargaɗi ta yi ta ƙara tun jirgin yana kan titi, mataimakin matuƙi ya tambaya ko a fasa tashi, amma aka ci gaba.

Taya ma ba ta daina shiga labarai ba. A ranar 7 ga Mayun 2023 wani jirgin Max Air daga Yola ya sauka a Abuja bayan ya rasa taya, ba a yi asarar rai ba. A watan Yulin shekarar NCAA ta dakatar da jiragen kamfanin ƙirar Boeing 737 na wani lokaci. A ƙarshen Janairun 2025 kuma, bayan wani jirgin kamfanin ya gamu da matsalar ƙafa wajen sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda kowa ya fita lafiya, an dakatar da zirga-zirgarsa ta cikin gida na wata uku domin bincike. Waɗannan al'amura kowanne da nasa musabbabi, kuma bai dace a haɗa su da na Jidda ba. Abin da suke nunawa shi ne hukuma tana da ikon tsayar da jirage. Sai dai hukuma takan zo ne bayan abu ya faru, ba ta kuma tsaye a gindin kowane jirgi da asuba. Wanda ke wurin shi ne injiniya da gejinsa.

Tambayoyin da suka kamaci masu riƙe da amana

A 2023 da 2024 Saudiyya ta ware wa Najeriya kujeru 95,000. Matsin da ke kan masu jigila a yau bai ragu ba: akwai ranar da ake rufe filayen saukar alhazai, akwai tara ga wanda ya saɓa jadawali, akwai kuma gwamnoni da jami'an jihohi masu son a ce alhazansu ne suka fara dawowa. Muhawarar da ake yi a kan aikin Hajji takan tsaya ga tsadar kujera da kuɗin guzuri da masauki. Akwai wasu tambayoyin da 'yan majalisa da 'yan jarida da matasa masu bibiyar gwamnati za su iya yi wa NAHCON da NCAA da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi.

Na farko, jirage nawa ne cikin masu jigila mallakar kamfanonin da aka bai wa kwangila, nawa ne kuma na haya, kuma wace ƙasa ce ke sa ido a kan gyaransu? Na biyu, shin yarjejeniyar jigila ta bambanta jinkirin sakaci da jinkirin gyara? Idan tarar da ake ci ɗaya ce a kan duka biyun, to an saka wa kamfani kwaɗayin ɓoye aibi. Na uku, a tashoshin da jiragen ke kwana, a Kano ko Sakkwato ko Jidda ko Madina, akwai injiniya mai lasisin sa hannu a kan irin wannan jirgi, da tayoyi da naitirojin da sauran kayan da ake bukata a kusa? Na huɗu, wace kariya ce ma'aikacin da ya kai rahoton matsin lamba yake da ita daga kora ko hana ƙarin girma? Na biyar, shawarwari nawa ne daga rahotannin binciken haɗurra aka aiwatar, kuma a ina jama'a za su ga lissafin?

Fasinjoji su ma suna da nasu rabon. Alhajin da ya kwana biyu a sansani yana jiran jirgi yana da hakkin a yi masa bayani, a ba shi abinci da makwanci, kuma yana da hakkin yin ƙorafi idan aka wulaƙanta shi. Amma idan aka ce an tsayar da jirgi domin gyara, fushin da za a sauke a kan ma'aikata yakan gangara ne har ya isa kan bakaniken da ya ce a dakata. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai amana alhakin abin da aka damƙa masa ba, kuma rahoton hatsarin Jidda ya bayyana dalla-dalla inda kowace amana ta zube.

Cika taya da naitirojin aiki ne na 'yan mintuna idan akwai tukunyar a kusa. A safiyar 11 ga Yulin 1991 babu ita a kusa, nemo ta kuma zai sa jirgin ya makara. Da an jira, da abin da za a yi asara shi ne jinkirin da alhazai za su yi ƙorafinsa a hanya, su manta da shi da zarar sun ga 'yan uwan da suka zo tarbarsu a Sakkwato.